Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani Kan Yaran Ƙetaren Kogi

Mai girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Na rubuto maka ne a kan 'yan sakandaren gwamnati na unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna: Kakuri, Makera, Nasarawa, Tirkaniya, Kudenda, Talbijin, Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi, har zuwa Gonin Gora. Kai ba baƙon waɗannan unguwanni ba ne, domin kai ka wakilce su a Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, kafin jihar gaba ɗaya ta dawo hannunka. Maganata guda ce. Kafin rashin kuɗin jarrabawa ko na rajistar jami'a ya tare yaron talaka a waɗannan wurare, akwai abin da ya riga ya kashe masa sha'awar karatu, wato idon tsaransa. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin matsalar tarbiyya, mu bar wa iyaye da limamai da fastoci. Ni kuwa ina ganin akwai rabon gwamnati a ciki, kuma rabo ne babba, saboda gwamnati ba ta zaɓa wa yaro abokai, amma ita ke gina wuraren da ake ƙulla abota, ita ce kuma ke rufe su da ƙarfe biyu na rana ta sallami yara su nemi inda za su.

A duba inda suke zuwa. Yaro ɗan aji biyar ya tashi daga makaranta, gidansu ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo a gidan haya, babu wuta, babu tebur, ƙannensa sun cika ɗakin, uwa tana kasuwa, uba bai dawo ba. Wurin zaman da ya rage masa shi ne bencin shagon cajin waya, ko ƙofar gidan kallon ƙwallo, ko shagon cacar ƙwallo inda akwai fanka da janareta. A nan majalisarsu take. Idan ya zo da littafin tsofaffin tambayoyin JAMB, tun daga nesa zai naɗe shi ya cusa a aljihun baya, ya saki riga ta rufe, don ya san abin da zai ji: "Farfesa ya iso, a ba shi kujera." Za a yi dariya, shi ma ya yi, amma gobe ba zai zo da littafin ba. Kuma masu tsokanar suna da hujjar da za su nuna da yatsa. Ga yayan wane can mai digiri, Keke Napep yake ja, shi ma na haya. Ga kuma wane da ya bar makaranta tun aji uku, yau wayar da ke hannunsa ta fi albashin malaminsu na wata uku, ba mai tambayar inda ya samo. Yarinya kuwa nata matsin ya fi shiru amma ya fi nauyi: ƙawaye sun yi sabuwar waya, an fara yi mata gorin cewa littafi ba ya sayen man shafawa, kuma kowa ya san hanyar da ake nuna mata. Yaro mai shekara goma sha biyar bai tsoron faɗuwa jarrabawar da ke shekara biyu gaba kamar yadda yake tsoron a mai da shi abin dariya da yammacin yau.

Wannan ba hasashe ba ne, kuma ba halin yaranmu kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Leonardo Bursztyn da Robert Jensen, sun gwada abin a makarantun sakandare na unguwannin marasa ƙarfi a birnin Los Angeles na Amurka, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun yi wa ɗalibai tayin darasin shiga jami'a kyauta. Wasu an gaya musu ba wanda zai san sun rubuta suna, wasu an gaya musu 'yan ajinsu za su sani. A azuzuwa na gama-gari, kashi 72 cikin ɗari suka karɓa da aka ce sirri ne, amma da aka ce za a sani, adadin ya sauka zuwa kashi 61. Abu kyauta, mai amfani, yaro ya bar shi don kada a ce yana ƙoƙari. Abin da ya fi jan hankali shi ne ɗaliban da ke ɗaukar wasu darussa a ajin gama-gari, wasu a ajin masu hazaƙa. Idan tayin ya same su a ajin gama-gari, sanin abokai yana hana su karɓa. Idan ya same su a ajin masu hazaƙa, sanin abokai ƙara musu ƙwarin gwiwa yake. Yara iri ɗaya ne, ɗakin da suke zaune kawai ya bambanta. Hausawa sun riga sun faɗa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, sai dai mun fi tuna karin maganar idan za mu yi wa yaro faɗa, muna mance cewa tana aiki ta kowane ɓangare. Matsin abokai ƙarfi ne da ba ya gushewa a shekarun samartaka, wa'azi ba ya kawar da shi. Abin da ake iya yi shi ne a juya inda yake turawa.

Mai girma Gwamna, tsokanar da ake yi wa mai karatu a Kakuri tana da tarihi, shi ya sa take da kaifi. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a nan, a zamanin Sardauna, sannan UNTL da Arewa da Nortex da Finetex suka biyo baya, ga masana'antar makamai ta DICON, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Waɗannan ne suka tara jama'a a kudancin kogi daga kowane lungu na ƙasar nan. Yaron da ya tashi a Makera a wancan lokaci yana ganin tsanin da idonsa: mai takardar firamare yana kan injin saƙa, mai ta sakandare akawu ne ko fomen, wanda ya je Kaduna Polytechnic injiniya ne mai gida a kwatas. Ba ya buƙatar a yi masa lacca kan amfanin ilmi, kullum yana gani a ƙofar masaƙa lokacin canjin aiki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka bi sahu. Da yawa daga ma'aikatan KTL sun rasu suna jiran haƙƙinsu. 'Yan sakandaren yau jikokin waɗannan mutane ne da 'ya'yansu, an haife su bayan injuna sun yi shiru. Abin da suka gada shi ne labarin kakan da ya yi aiki bisa ƙa'ida shekara ashirin ko talatin ya mutu yana bin bashi. Idan irin wannan yaro ya ce bin ƙa'ida wahalar banza ce, ba rashin kunya ke magana ba, abin da ya gani yake faɗa.

Ga kuma kogin kansa. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, garin ya rabe, Musulmi suka fi tattaruwa a arewa, Kirista a kudu. Ana yawan maganar asarar zumunci da hakan ya jawo, amma akwai wata asara da ta shafi batunmu kai tsaye: da'irar mutanen da yaro ya sani ta ƙuntata. Sannan makarantun kuɗi suka ƙarasa aikin, domin duk mai ɗan hali, ko a Barnawa yake ko a Narayi, ya cire ɗansa daga ta gwamnati. Yanzu ɗan lebura da ɗan lebura yake zama, ba ya da aboki ko ɗaya wanda ubansa likita ne ko yayarsa lauya ce, wanda zai ji a bakinsa yadda ake cika fom ko wane kwas ke buƙatar wane darasi. A 2022 Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi diddigin abotar mutum fiye da miliyan 70 a Facebook a Amurka, suka gano cewa yawan abota tsakanin talaka da mai hali na cikin abubuwan da suka fi nuna ko yaran wata unguwa za su fita daga talauci. Sun ƙiyasta cewa da yaran talakawa za su tashi cikin irin cuɗanyar da 'ya'yan masu hali ke samu, da abin da za su riƙa samu idan sun girma ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari. Amurka ba Kaduna ba ce, na yarda, amma duk wanda ya san yadda ake samun aiki ko gurbin karatu a ƙasar nan ya san cewa a nan sanayya ta fi can tasiri.

Arewa kuwa ta taɓa sanin wannan sirri, ta yi aiki da shi. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ta zauna a nan Kaduna kafin ta koma Zariya, ta fitar da Tafawa Balewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta kafa a 1977 sun cika asibitoci da ma'aikatun Arewa da likitoci da injiniyoyi, da yawansu 'ya'yan manoma. A Kakuri ma ga Kwalejin Sarauniya Amina. Malamai nagari sun taka rawa, babu musu, amma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa rabin karatun a lokacin firef ake yin sa, sa'ad da ɗaki gaba ɗaya ya yi tsit kowa ya duƙufa, wanda ba ya karatu shi ne bare. Ba ina kira a gina sababbin makarantun kwana a gefen gari ba. Bayan sace ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021, da sace ɗaliban Kuriga a Maris na 2024, duka a ƙaramar hukumar Chikun, babu uban da za a zarga idan ya ƙi barin ɗansa ya kwana a makaranta. Abin da nake cewa shi ne a ɗauko ruhin makarantar kwana a dasa shi a makarantar jeka-ka-dawo da ke tsakiyar unguwa.

Roƙona shi ne, kowace sakandaren gwamnati a kudancin kogi ta ci gaba da zama a buɗe bayan tashi, har zuwa ƙarfe biyar ko biyar da rabi, ga 'yan babbar sakandare. A sa wutar sola, a ware ɗakin karatu mai littattafan manhaja da tsofaffin tambayoyi, da 'yan kwamfutoci, tunda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, kuma akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su zauna gabanta. A ba yara ɗan abin taɓawa da rana, domin mai jin yunwa ba ya zama. A haɗa da ƙwallo da muhawara da wasan kwaikwayo, saboda waɗannan ne ke sa yaro ya so wurin, a nan kuma ake ƙulla abotar. Sharaɗin da ya fi komai muhimmanci shi ne zaman ya zama na kowa da kowa a aji, cikin jadawalin makaranta, kada a ce "mai so ya tsaya". Idan aka bar shi ga mai so, an koma gwajin Los Angeles ke nan: tsayawa za ta zama shaidar cewa kai ne Farfesa, waɗanda suka fi buƙata su ne za su fara sulalewa. Idan kuwa dole ce a kan kowa, an ba yaron da ke son karatu a ɓoye mafaka, zai iya ce wa majalisa "tilasta mu aka yi", ya ci gaba da abinsa. Masu kula kuma kada su zama malamai kaɗai. Kaduna Polytechnic, inda kai kanka ka yi karatu, tana da harabar karatu a Barnawa, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ke kwana a waɗannan unguwanni suna tsallaka gada kullum, ga masu yi wa ƙasa hidima. A ɗauki irinsu da ɗan alawus, musamman waɗanda suka fito daga unguwar, domin ɗan shekara goma sha shida ya fi jin maganar ɗan shekara ashirin da biyu da ya taso a layinsu fiye da ta kwamishina. A kuma riƙa haɗa makarantun kudu da na arewacin kogi a gasa da aikin haɗin gwiwa akai-akai, yaron Sabon Tasha ya san na Tudun Wada da suna.

Za a ce wannan aikin iyaye ne, gwamnati ba ta reno. Gaskiya ne tarbiyya daga gida take farawa, kuma babu shirin da zai maye gurbin uwa da uba. Amma a dubi iyayen da ake magana a kansu. Mai gadi da ke kwana a wurin aiki, da mai sayar da kayan miya da ke barin kasuwar Sabon Tasha bayan magariba, da gwauruwar da ke wanki a gidajen mutane, ba sakaci ya raba su da 'ya'yansu da rana ba, neman abin da za a ci ne. Mai hali ya sayi maganin matsalar da kuɗinsa: lesin bayan makaranta, direba, gida mai katanga. Idan aka ce wa talaka "ka kula da ɗanka" aka tsaya nan, an bar shi ne da nauyin da mai kuɗi ma bai ɗauka shi kaɗai ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, ba kuma zan raina shi ba: me ya sa za a zuga yara su yi burin jami'a alhali masu digiri na yawo babu aiki? Ashe ba sana'a ce mafita ba? Ina goyon bayan koyar da sana'a ɗari bisa ɗari, kuma burin da nake magana a kai bai tsaya ga digiri ba. Sai dai sana'ar yau ba ta rabuwa da karatu. Mai haɗa sola yana lissafin ƙarfin batir da na faranti, makanike yana karanta abin da na'urar gwaji ta nuna masa a motar zamani, mai walda da ke son kwangilar kamfani sai ya iya karanta zane. Yaron da majalisa ta raba shi da lissafi a aji huɗu ba babban mai sana'a zai zama ba, yaron shago zai zama har tsufansa. Sannan a lura da masu cewa boko ba ya biya: da wuya ka ga wanda ya cire nasa ɗan daga makaranta. Ɗan talaka kaɗai ake ba wannan shawara. Digiri ba ya tabbatar da aiki, amma rashin kammala sakandare da sakamako mai kyau yana rufe kusan kowace ƙofa, har ta shiga aikin soja da ɗan sanda da makarantar koyon jinya.

Akwai kuma yaran da yammacinsu ba na banza ba ne: masu talla, masu zuwa gareji ko shagon tela, masu Islamiyya, masu hidimar coci. Wannan gaskiya ce da dole tsarin ya yi la'akari da ita. Ana iya yin zaman kwana uku a mako, a zauna da malaman Islamiyya da shugabannin coci da masu gareji a daidaita lokaci, a kuma lissafa koyon sana'a na gaskiya a matsayin uzuri. Inda makaranta ke karatun safe da na yamma saboda cunkoso, a nemi zauren coci ko ajin Islamiyya ko ɗakin taron unguwa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kaduna na cikin jihohin farko da suka shiga, ya riga ya kawo tsarin tallafa wa 'yan mata don su zauna a makaranta, ana iya ɗora wannan a kansa, tare da tabbatar da cewa kowace yarinya ta isa gida kafin duhu. Malamai kuma a biya su ladan ƙarin awanni a kan lokaci. Jihar da ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar 2017 da sunan inganta ilmi bai kamata ta nemi aikin kyauta daga waɗanda ke bakin aiki ba.

Batun kuɗi kuwa, jihar nan da ƙasar nan sun riga suna biya, a ƙarshen hanya ne kawai suke biya. A kudancin kogin nan asibitin masu taɓin hankali na tarayya yake, a Barnawa, a nan kuma gidan gyaran tarbiyyar matasa na Bosta yake. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, a shekarar ce kuma aka haramta maganin tari mai kodin. Da wuya yaro ya fara shaye-shaye shi kaɗai, aboki ne ke miƙa masa kwalbar farko, haka ma shiga 'yan sara-suka. Ƙasar Aisland ta fuskanci irin wannan: a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata, zuwa 2016 adadin ya koma kashi 5. Babban abin da suka yi shi ne cike wa yara lokacin bayan makaranta da wasanni da ƙungiyoyi masu tsari, tare da jawo iyaye ciki. Su ƙasa ce ƙarama mai arziki, mu ba haka muke ba, amma ginin makarantar da muke buƙata yana nan tsaye, a kulle, rabin yini.

Mai girma Gwamna, an ga abin da ka yi a Agustan 2023, lokacin da ka rage kuɗin KASU daga naira 150,000 zuwa 105,000, ka kuma rage na sauran manyan makarantun jiha. Ga bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024. Duk waɗannan taimako ne na gaske, amma suna jiran yaro ne a ƙofar jami'a, yaran da nake magana a kansu kuwa tun a aji huɗu da biyar suke zubewa. A JAMB ta 2025, fiye da mutum miliyan 1.3 cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba, kuma wannan lissafin waɗanda suka kai ga zama jarrabawar ne. Wanda ya bar littafinsa a aljihun baya tun shekara biyu da suka wuce ba ya cikin kowane lissafi. Don haka ina roƙon ka umarci Ma'aikatar Ilmi ta fara da makarantu kaɗan a ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun a zangon karatu mai zuwa, a ware musu kuɗi da sunansu a kasafin jiha don kada shirin ya dogara da alherin wani jami'i, a riƙa rubuta halartar ɗalibai da adadin masu barin makaranta da sakamakon WAEC da NECO, a kwatanta da makarantun da ba a fara ba, a buga sakamakon kowa ya gani. Idan bayan shekara biyu babu bambanci, a dakatar. Idan akwai, a faɗaɗa shi zuwa Rigasa da Kawo da Zariya da Kafanchan.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka,
Mai kishin ilmin yaran Kaduna